Inde da Oba-obar Masunta

Duk wanda ya taɓa cin soyayyen kifi a bakin tafkin Madarunfa, wajen da masunta ke jawo jiragensu, ya san Inde. Wanda bai gan ta ba ma ya ji ta. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, kullum da ɗankwali ɗaure a ƙugu, kuma Allah ya ba ta muryar da ba ta san raɗa ba. Idan ta ce za ta gaya maka magana a asirce, masu wanki a can nesa sukan dakata su saurara.

A wani ƙauye kusa da Gabi aka haife ta, gidan Anna, masu riƙe da al'adar kakanni. Tun tana yarinya mahaifinta ya gane amfanin muryarta. Idan gero ya fara ido, sauran gidaje sukan rataya gwangwanaye da tsummoki a gona saboda tsuntsaye. Shi kuwa Inde yake ɗorawa a kan dakali a tsakiyar gona. Ihu ɗaya za ta yi, jan-baki su tashi su koma gonar maƙwabta. Har ƙara aka taɓa kai wa mai gari a kan haka.

Ta auri Kanta, masunci, shi ma ɗan gidan Anna ne. Kanta dogo ne siriri, kuma a iya sanina ban taɓa ganin mutumin da ya kai shi tsimin magana ba. Kalmarsa ɗaya ce, «To.» Da ita yake gaisuwa, da ita yake ciniki, da ita yake ta'aziyya. Mutane suka ce auren ba zai kai damina ba. Sai ga shi sun aurar da ƴaƴa, har da jikoki. Ita tana magana, shi yana gyaran koma, kowa da aikinsa. Idan ya fito daga ruwa ya zube mata karfasa da tarwaɗa, ta kankare, ta barbaɗa yaji, ta jefa cikin mai, bakinta bai tsaya ba.

Ana nan sai wani furoje ya zo taimakon ƙungiyar masunta. Suka kawo komaye da rigunan da ke hana nutsewa. Da aka tambayi masunta abin da ya fi damunsu, suka ce salula. A hayin tafki babu rezo, salula ba ta kamawa sai an hau tudu, kuma babu masuncin da bai taɓa sadaukar wa ruwa salularsa ba. Sai furojen ya kawo wayoyin oba-oba uku, baƙaƙe, kowace da eriyarta kamar wutsiyar ɓera, da ƙaramin fano na hasken rana don cika batir.

Ɗaya aka ba Mahaman, perzidan na ƙungiyar, mutum mai ƙiba da son babbar riga. Ɗaya aka ba Illo, wanda ke da bukka a hayin tafki. Ta uku aka ce a ba wanda ya fi kowa zama a bakin ruwa kuma ba ya ɓarna. Kowa ya waiwaya ya dubi Kanta.

Wani saurayi mai suna Al'amin, mai gyaran irin waɗannan kaya, ya zo daga Maraɗi ya koya musu a ƙarƙashin rumfar Inde, don nan ne kawai inuwa. Ya nuna musu abin murɗawa na sama, mai kunnawa da ƙara murya. Ya nuna na kusa da shi mai sauya layi, ya ce kada kowa ya taɓa shi, su duka su zauna a layi ɗaya. Sannan ya nuna maɓallin gefe.

«Wanga shi ne duka aikin,» in ji shi. «In za ka yi magana, ka danna ka riƙe. In ka gama, ka saki. Muddin kana danne, ba ka jin kowa. Kuma kafin ka saki sai ka ce "a bu", wato na ba ka fili. In ka ji saƙo ka ce "resi", wato na ji.»

Inde tana juya kifi, ta ce, «Wane abu?»

«Ba abu ba, Inna. A bu. Faransanci ne.»

«To ai shi nake tambaya. Wane abu ne za a ce a ba shi?»

Al'amin ya bar zancen nan, ya miƙa wa Kanta tasa ya ce ya gwada kiran Illo, wanda aka tura bayan wata bishiya. Kanta ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ya danna. Ya daɗe yana kallon eriyar. Ya ce, «To.» Ya saki.

Da yamma ya kai ta gida, ya kashe ta, ya naɗe ta cikin tsohuwar riga, ya hau ya ajiye ta cikin rumbu. A ganinsa an ce a ba wanda ba ya ɓarna, kuma babu inda kaya ke daɗewa kamar rumbu. Illo ya yi ta kira daga hayi har ya gaji. Ranar da ya haye ya zo ya yi ƙorafi, Inde ce ta hau tsani ta ɗauko ta.

«Abin magana,» ta ce, «an rasa wanda za a ba sai kai. Da ma jaki aka ba.»

Kanta ya ce, «To.»

Daga ranar oba-oba ta koma hannun Inde, kuma ba a yi taro a kan haka ba.

Farkon abin ya yi wuya, amma ba a gare ta ba. Dannawa ba ta ba ta wahala ba ko kaɗan, sakin ne ta kasa. Takan kira Illo ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa masa mai ya yi tsada, ta faɗa masa abin da ta yi mafarki, sannan ta yi fushi don bai amsa ba. Illo yana can hayi yana danna tasa yana ihu, babu mai jin sa. Sai ya shiga jirgi ya tuƙo ya zo ya ce, «Inde, don Allah ki riƙa sakin abin nan.» Ta ce ai ta saki. Ya dubi hannunta, babban yatsanta yana kan maɓalli har ya yi fari.

A hankali ta koya. «A bu» dai ta ƙi shi har yau. Idan ta gama sai ta ce, «Na sake maka, faɗi naka.» Kuma abin ya yi amfani fiye da yadda masu furojen suka zata. Idan dillalan kifi suka iso daga Maraɗi ko Ɗan Issa, kafin su kafe babura Inde ta sanar da hayi, jirage su nufo gaɓa. Idan hadari ya haɗo daga gabas, Illo ne ke fara gani, ya gaya mata, ita kuma ta tsaya a bakin ruwa ta kwarara wa na kusa kira su fito.

Kula kuwa, ko jikokinta ba su samu irinta ba. Kullum da hantsi takan kafa fano a kan rumfa, ta goge masa ƙura da gefen zane, ta sa oba-oba a mazauninta har fitilar ta koma kore. Al'amin ya ce kada a ɗauke ta ta eriya, don haka duk wanda ya kai hannu wajen eriyar sai ya sha marin ludayi. Ya ce mai da hayaƙi suna toshe ƴan hudojin da murya ke fita, sai ta ɗinka mata riga da ƙyallen atamfa, ta ware wani tsohon buroshin haƙori na musamman. Idan ƙarfen batir ya yi tsatsa-tsatsa, ta cire shi ta murza da busasshen tsumma ta mayar.

Abin da ya jawo rigima ya faru ne wata ranar kasuwa. Wasu baƙi na furojen sun zo daga Maraɗi duba yadda aiki ke tafiya. Mahaman ya sa babbar rigarsa ya tara masunta a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarmi. Ya yi jawabi a kan tarihin su a gidansu, yadda kakansa ke nutsewa ya kamo giwan ruwa da hannu. Sannan ya ce bari ya nuna wa baƙi amfanin kayan da suka kawo. Ya ciro oba-oba, ya murɗa murya har ƙarshe, ya ɗaga ta sama.

A daidai lokacin Inde tana rumfarta, ta soke tata a ɗankwalin ƙugu, ta jingina da ginshiƙi, ginshiƙin kuma ya danne maɓalli. Tare da ita akwai Habiba, matar Mahaman, wadda ta zo sayen kifin da za a ba baƙi.

Abin da ya fito a ƙofar gidan Mahaman shi ne muryar Inde, tas kamar tana tsaye a wurin.

«Ke Habiba, bar ni da perzidan ɗinku. Shugaban masunta, amma ko iyo bai iya ba. Ba na manta ranar da ya zame a gaɓa. Ruwa iya gwiwa, yana kwance yana kiran a cece shi, wai zai bar marayu.»

Sai muryar Habiba, tana dariya har tana tari. «Ai ba ki san sauran ba. Rigar nan ta furoje mai hana nutsewa, ko wanka zai yi a bakin rijiya, in dai guga ya cika da yawa, sai ya dubi rigar.»

Mahaman ya danna tasa yana cewa, «Inde! Inde! Saki! A bu!» Amma mai danne ba ya jin kowa. Da ya saki, labarin ya kai kan kakan nasa, wanda Inde ta ce mahaifiyar Kanta ta san shi sarai, kuma tukwane yake sayarwa. Wani daga cikin baƙin ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Masunta suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya suna zagayawa bayan katanga, ana jin su daga can. Mahaman ya murɗa abin sauya layi a maimakon na kashewa, ya sake murɗawa ya dawo kan Inde. Daga ƙarshe ya zauna a kan oba-obar.

Washegari ya zo rumfa da mutanen komiti, ya ce a ba shi kayan ƙungiya.

«Ba ke aka ba ba,» ya ce. «Kanta aka ba.»

«To ga shi nan, tambaye shi.»

Mahaman ya juya. «Kanta, ka yarda a karɓe?»

Kanta ya ce, «To.»

Inde ta ce, «Maigida, ka yarda a bar mini?»

Kanta ya ce, «To.»

«Ka ji,» ta ce wa Mahaman. «Kuma ni in tambaye ka, perzidan. Cikin abin da aka ji, wace kalma ce ƙarya? In akwai, ga tafki nan, tuɓe ka nuna mana.»

Mahaman bai tuɓe ba. Masunta kuwa babu wanda ke son komawa zamanin da dillalai ke zuwa su tafi ba a sani ba, don haka suka shiga ba da haƙuri. Aka kira Al'amin. Ya zo da igiya ya haɗa wayoyin uku da kwamfutarsa, ya yi ƴan danne-danne. Ya ce daga yau duk wanda ya daɗe yana danne, oba-oba za ta yi ƙara ta yanke shi da kanta, sai ya saki ya sake dannawa. Inde ta gwada. Tana tsakiyar gaya wa Illo yadda aka yi, abin ya yi «tiit» ya katse ta. Ta riƙe ta nesa tana kallo.

«Tun da uwata ta haife ni,» ta ce, «ba a taɓa ce mini in yi shiru na yi ba. Sai wagga ƴar baƙar aba.»

Habiba kuwa ta yi kwanaki a gidan yayarta a Safo kafin ta dawo, da dariyarta.

Da damina ta yi nisa, wata safiya Inde ta sunkuya wanke kifi a gaɓa, oba-oba ta sulluɓe daga ƙugunta ta faɗa ruwa. Ta lalubo ta da ƙafa cikin taɓo. Ta ce ba mamaki, mutanen ruwa, wato iskokin tafkin, sun daɗe suna jin ana ratsa kansu da magana, sun so su ga abin da idonsu. Ta zuba musu ɗan fura a gefen gaɓa don sun dawo mata da ita. Sannan ta yi abin da Al'amin ya ce a yi in haka ta faru. Ba ta kunna ba. Ta cire batir, ta ɗauraye taɓon, ta girgiza ruwan, ta goge, ta kai gida ta tura su cikin buhun busasshen gero, can ƙasa.

Al'amin ya ce a bar ta ta kwana biyu. Inde ta yi iya ƙoƙarinta. Takan zagaya buhun, ta dafa shi, ta koma. Da haƙurinta ya ƙare ta tono ta, ta mayar da batir, ta kunna. Ba ta ji komai ba, ko shuu ɗin da takan yi. Ranta ya ɓaci, ta mayar da ita cikin geron a kunne yadda take, ta ɗaure bakin buhu, ta ce ta zauna nan ta yi tunani.

Washegari da sassafe aka aiko an yi rasuwa a danginsu na Gabi, ta hau babur ta tafi. Kanta ya tashi ya ga gida shiru. Ya tuna Inde ta daɗe tana mita cewa gari ya kusa ƙarewa kuma babu mai kai niƙa. Ya ga buhu a ɗaure. Ya ɗora shi a kan amalanke, ya kora jaki zuwa injin Tanko.

Mata sun yi layi da kwanoninsu, amma ganin dattijo da kansa, suka ce a fara da shi. Tanko bai tayar da inji ba tukuna. Ya kwance bakin buhu, ya rungume shi ya ɗaga zai juye cikin mazurari. A can hayi, Illo ya ga iska na tasowa, ya ga mutanen Mahaman suna shirin zuba taru, ya ɗauki oba-obarsa.

Buhun gero ya yi gyaran murya a ƙirjin Tanko, ya ce, «Kai! Dakata! Kar ka zuba!»

Tanko ya daskare.

«Na ce kar ka zuba! In ka zuba, abin da ya same ka kai ka jawo!»

Tanko ya saki buhun ya fita ta taga, tagar da ko yaro sai ya yi dabara. Mata suka watse, kwanoni na gangarawa. Wata tsohuwa da ba ta iya gudu ta durƙusa tana ba geron haƙuri, tana cewa ita dawa ta kawo. Jaki ya ja amalanke ya nufi gida shi kaɗai.

Kanta ya tsuguna, ya sa hannu cikin geron da ya zube, ya lalubo oba-oba. Ya hure ƙaiƙayin da ke jikinta, ya kara a kunne. Matan da ke leƙe daga bayan katanga sun rantse cewa sun ji ya yi magana, kuma ba «To» ya ce ba. Cewa ya yi, «Ta warke.»

Tanko ya yi kwanaki ba ya karɓar buhu a ɗaure. Har yanzu in an kawo masa niƙa daga gidan Kanta, sai ya sa sanda ya motsa tukuna.

Bayan kaka Illo ya shirya tafiya cin rani Najeriya. Ya ce bukkarsa ta hayi da oba-obarsa ba zai bar wa kowa ba sai Kanta. Kanta ya koma wuni a can, yana dawowa da yamma. Inde ta kafa masa sharaɗi, ya bar ta a kunne, kuma babu rumbu a hayi.

Nan wata matsala ta taso. Al'amin ya koyar cewa a fara kira da sunan wanda ake nema. Inde kuwa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kuma ba za ta fara a gaban duniya ba. Sai ta danna ta ce, «Maigida, maigida.» Mahaman, wanda tasa ke kunne kullum tun ranar baƙi, sai ya amsa, «Na'am.» Ta ce, «Ba kai ba, na kirki.» Haka aka yi ta yi har ya daina.

Kwanakin farko hirar ba ta sauya ba. Ta yi ta zuba har abin ya yanke ta, ta ce, «Na sake maka, faɗi naka.» Daga hayi a ji, «To.»

Wata rana da azahar ta kira shi a kan zancen hularsa. Ta ce ta ba wa ƙanenta tsohuwar hular nan mai ruwan bula, tun da ba ya sa ta. Ta sake masa. Sai aka ji ya danna.

«Ina sa ta,» in ji Kanta.

Inde ta buɗe baki ta danna tata ta fara bayani. Ta yi bayani mai tsawo. Da ta saki, sai ta ji muryar Kanta tana tafiya a hankali, bai ma san ta yi magana ba. Ta sake dannawa ta ce ya dakata. Ta saki. Yana nan yana magana, kuma ta rasa abin da ya faɗa a tsakani. A nan ta gane abin da shi ma ya riga ya gane a can hayi. Muddin yatsansa na kan maɓalli, babu yadda za ta katse shi. In tana son ta ji, sai ta yi shiru.

Ta zauna a kan turmi. Kifi na cikin mai, masu saye na tsaye, babu wanda ya motsa.

«Ina sa ta ranar kasuwar Gabi,» in ji Kanta. «Ke ce ba ki duba kaina. Kuma kanwa ta yi yawa a miya. Ba yau ba. Tun zuwanki. Na so in faɗa ranar farko, kina ba da labari. Jakin nan kuma ba rago ba ne, ke yake tsoro. Maganar da kike cewa innata ta faɗa a kanki ranar sunan ɗiyarmu ta fari, ba da ke take ba, da akuya take. Na so in faɗa.»

«Tiit,» in ji oba-oba, ta yanke shi. Inde ta zabura za ta danna, amma Kanta masunci ne, ya saba da saurin hannu. Ya riga ta.

Ya yi magana a kan katangar bayan gida, da wani bargo da ya ɓace, da dalilin da ya sa ba ya cin tarwaɗa ko da yake shi ke kamo ta. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta sauka ba, kamar mai ƙirga dami. Sau da dama abin ya yanke shi, sau da dama ya riga ta. Daga baya, yana danne, aka ji ruwa na dukan jirgi.

«Ranar da kika tahi Gabi,» ya ce, «gidan bai yi daɗi ba. Har kaji sun yi shiru. Shi ya sa na kai niƙa, don in ji ƙarar inji. Furarki kuma babu irinta a garin nan. Shi ke nan. Na sake miki.»

Inde ta riƙe oba-oba a cinya. Masu sayen kifi suna jiran aradu ta faɗi. Ta ɗaga, ta danna, bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Ta saki. Ta goge ido da gefen ɗankwali ta ce hayaƙi ne.

Sai oba-oba ta yi shuu, wata murya mai ƙiba ta fito, cike da jin daɗi.

«Resi,» in ji Mahaman. «Mu nan majalisar ƙofar gida duk mun ji. Liman ma yana nan. A rage kanwa.»

Aka ji dariyar maza a bayansa kafin ya saki. Inde ta samu muryarta nan take, kuma abin da ta gaya wa perzidan sai da oba-oba ta yanke ta har ta yi zafi a hannu. Amma an rage kanwa. Hular ma ta dawo, ƙanen nata ya kawo ta da kansa.

Furojen ya daɗe da ƙarewa. Batiran asali sun mutu, wani mai gyara a Ɗan Issa, Usman, ya farke su ya sa musu sababbin ƴaƴa, ya naɗe da baƙar roba, sun ƙara kauri amma suna aiki. Eriyar ta Inde akuya ta tauna, an sa mata wata da ta fi ta tsawo. Illo ya dawo daga cin rani ya nemi tasa, Kanta ya dube shi bai ce «To» ba, sai Illo ya haƙura ya karɓi ta Mahaman, wanda ya ce shi ya gaji da jin abin da bai shafe shi ba.

Kanta a gida yana nan yadda yake. Amma in yana da magana, sai ya ɗauki oba-obarsa ya fita, ko da zuwa bayan rumbu ne, ya kira. Ƴaƴansu sun saba, in suna son jin ra'ayin tsoho a kan wani abu, sukan ce wa uwar ta kunna.

Zuwana na ƙarshe, na tarar da ita a rumfa, shi kuma yana zaune a kan jirgin da aka kife, nesa kaɗan, yana ɗinkin koma. Na ce ta ba ni labarin ranar injin Tanko, ko da yake ba ta wurin aka yi. Ta ajiye ludayi ta fara tun daga rasuwar Gabi, da wanda ya rasu, da wanda ya haife shi. Tana cikin kwaikwayon yadda Tanko ya bi ta taga, oba-oba ta yi shuu a ƙugunta.

«Inde,» in ji Kanta. «Kifinki na ƙonewa.»

Ta waiwaya. Ya ƙone kuwa, gefe ɗaya baƙi ƙirin. Ta kwashe shi ta zuba mini a takarda, ta ƙara yaji, ta ce ai laifina ne da na sa ta magana, don haka ni zan ci.